Tunkiyar Gayus a Ƙofar Birnin Rai

A bayan karar dabbobi ta garin Rafin Gawo akwai wani tsagaggen dutse wanda awaki ke hawa kullum, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. To, dutsen nan ƙofa ce. Ba ya buɗewa sai ga mutumin da kwanakinsa na duniya ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya shiga ya bi hanya har ƙarshenta zai tarar da Birnin Rai, inda ba a taɓa haƙa kabari ba tun da aka kafa shi.

Mutumin da zan ba ku labarinsa sunansa Gayus, dillalin tumaki ne a karar nan. Ku ba shi tunkiyar da ta kwana uku tana gudawa, kafin rana ta take ya ɗura mata kanwa, ta sha ruwa cikinta ya tashi, ya shafe ta da man gyaɗa, ya tsayar da ita ta gefen da ba a ganin ƙafa mai ɗingishi, ya sayar wa mutum, mutumin na ta zuba masa godiya. Ran Lahadi kuwa shi ne a bencin gaba a majami'a. In an ɗaga waƙa muryarsa ce ke danne ta kowa, in zai jefa kuɗin baiko a faranti sai ya ɗaga hannu sama yadda na baya za su shaida. Ni dai ban taɓa ganin mai baki irin nasa ba, kuma ba yabonsa nake yi ba.

Ana nan sai ciwon hanta ya kwantar da shi. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce a mayar da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa ke so. Gayus ya gane karatun. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don ya san abin da ke ƙarƙashin babbar rigarsa. Amma bai daɗe cikin tsoron ba halinsa ya motsa, ya ce a ransa, “Ni da na shiga gidan hakimi da na alƙali da bakin nan nawa, ƙofar sama ce za ta gagare ni?” Ya lallaɓa ya sa rigarsa ta Kirsimeti, ya cusa katin baftisma a aljihu, ya nufi dutsen da rana tsaka, don ya taɓa jin sirrinsa a bakin tsofaffi. Yana taɓa tsagar, dutse ya dare gida biyu, ya shige.

Sai ga shi a wata ƙasa mai koren sama, itatuwa suna tafiya da saiwoyinsu zuwa mashaya. A gabansa wani halitta ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, fuskarsa ba ta kalluwa don haske.

Halittan ya ce, “Ya kai ɗan Adam, me ya kawo ka?”

Gayus ya zube ƙasa ya ce, “Ranka ya daɗe, rai na har abada nake nema. Ga ma katina, tun ina saurayi aka yi mini baftisma.”

Halittan ko kallon katin bai yi ba. Ya miƙo masa igiya ya ce, “Duk mai bin hanyar nan yana jan abin da ya kiwata. Karɓi taka.”

Gayus ya bi igiyar da ido har ƙarshenta. Wata tunkiya ce ɗaure, ramammiya, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ƙazuwa ta cinye mata gashin baya, majina na zuba, ƙafar baya ɗaya ba ta taka ƙasa.

“Ranka ya daɗe, ko an yi kuskure wurin rabo?”

“Ba a kuskure a nan. Rayuwarka ce, shekara hamsin da takwas kana kiwonta. Ka kai ta gaban Makiyayi a ƙofar birni. Tafiyar kwana uku ce, kai kuwa kwana biyar suka rage maka. Dubi igiyarka, ƙulli biyar ne. Duk faɗuwar rana ɗaya zai warware, in na ƙarshe ya warware kana waje, ba sauran shiga har abada.”

Gayus ya ja tunkiya suka kama hanya, tana tari yana tsaki. Suka ratsa wani fili inda duwatsu ke kiran sunayen mutanen da ya cuta, ɗaya bayan ɗaya, ya toshe kunne da hularsa ya ƙara sauri. Suka wuce wani daji mai ganye irin kunnuwan mutane, duk inda ya juya ganyen sun juyo suna saurare. Yana fita dajin sai ga rumfa a bakin hanya, wani aljani zaune a ciki da tulu da kwalabe. Ta gaba kyakkyawa ne, fuska sumul, haƙora farare tas. Da ya juya zai ɗauko kujera, Gayus ya ga bayansa rami ne fayau, ba komai a ciki, kamar an kife ƙwarya. Ya gani sarai, amma ya kau da kai, don ya ji ƙanshin ɗan'uwa a sana'a.

Aljanin ya ce, “Maraba da gwanin kara. Sunana Gyara-Fuska. Ya kai Gayus, da wannan abar za ka tsaya gaban Makiyayi? Ai abin kunya ne ga mutum irinka.”

“Kai dai bari, abokina. Da a gida nake, da kafin azahar ka rantse ba ita ba ce.”

“Duk kayan aikinka akwai su a nan, har da waɗanda ba ka sani ba. Ladana ƙulli ɗaya ne daga igiyarka.”

Gayus ya ga yana da rarar kwana biyu, ya ce ya yarda. Aljani ya taɓa ƙulli ya warware. Suka duƙufa, aka ɗura kanwa, aka shafa mai, aka manna gashi inda ƙazuwa ta ci, aka ɗaure ƙafar da wata jijiya har ta miƙe. Kafin wani lokaci tunkiya ta yi ɓul-ɓul tana sheƙi. Gayus ya zagaya ta sau biyu yana murmushi, ya ce ko shi aka kawo wa ita sai ya taya. Rana ta faɗi, wani ƙullin ya warware, saura uku.

Washegari da hantsi ya iso wani kogi mai faɗi, ruwansa garau, ana ganin yashin ƙasa. Ba kwalekwale, ba gada. Wani kada fari mai ido ɗaya ya ɗago kai ya ce, “Ya kai mai jan igiya, wannan shi ne Kogin Tonawa. Ba ya cin mutum, amma ba ya barin kowa ya haye da abin da ba nasa ba. Shigo.”

Gayus ya naɗe riga ya shiga, ruwa ya kai masa ƙirji, igiyar ruwa na fizgarsa yana fizgar tunkiya. Da ƙyar suka kai gaci. Da ya waiwaya, sai ga mai yana yawo a kan ruwa, gashin da aka manna na binsa. Cikin tunkiya ya sace, ƙafa ta koma yadda take. Har baƙin da yake shafa wa gemunsa kogin bai bar masa ba, furfura ta fito fes. Kada ya yi dariya har ruwa ya girgiza, Gayus kuwa ya zauna a kan yashi, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Gaba kaɗan hanya ta ƙare a bakin wani kwari mai zurfi. Gadar da ke kansa itace ɗaya ne, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa ba, a ƙasa kuwa kuraye ne cike, masu magana irin ta mutane, suna kiran duk mai wucewa da sunan da uwarsa ke kiransa. A gindin gadar wata tsohuwa makauniya ce zaune, tana riƙe da igiyar wata tunkiya fara sol, mai ƙiba, gashinta har ƙasa. Gayus bai taɓa ganin irinta ba a duk shekarunsa na kara, yawunsa ya tsinke.

Ya ce, “Sannu, Iya. Daga ina?”

“Yawwa, sannu ɗana. Damaris sunana, daga Unguwar Maɗaci. Daddawa nake sayarwa. Tun safe nake nan, na rasa mai riƙe mini hannu in haye.”

Sai ya ji raɗa a bayan kunnensa, ashe Gyara-Fuska ne ya biyo shi. “Ya kai gwani, kogi yana bayanka, ba sauran wanki a gaba. Tsohuwa ba ta gani. Ka haye da ita, in ta gyangyaɗa ka musanya. Ni zan rufe bakin tumakin kada su yi kuka. Ƙulli ɗaya.”

Gayus ya ɗan yi jim, don ko shi ya san wannan ta wuce kanwa da man gyaɗa. Amma ya dubi tasa, ya dubi ta tsohuwa, ya miƙa igiya. Saura biyu.

Ya ce, “Taso, Iya, ai taimakon tsofaffi aikina ne tun ina yaro.” Ya kama hannunta suka hau itacen, tumaki na biye. Iska ta taso, gada na lilo, kuraye na tsalle suna kiran, “Gayu, Gayu, sauko mu gaisa!” Ƙafarsa ta zame sau biyu, duka biyun tsohuwar ce ta riƙe shi, tana rera waƙar zumuntar matan majami'a a hankali kamar tana tsakar gidanta. Da suka haye ta jingina da wani itace ta ce bari ta huta. Numfashinta na daidaita kamar na mai barci, Gayus ya kwance igiya daga wuyan fara ya ɗaura tasa, ya ɗaura ta tsohuwa a wuyan mai ƙazuwa. Rana ta faɗi, saura ƙulli ɗaya tak.

A rana ta uku da la'asar suka hango birnin. Ganuwarsa haske ce, ba ƙasa ba, ba dutse ba, daga ciki ana jin waƙa da dariyar yara, iska na kawo ƙanshi irin na ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Gayus ya ji bai taɓa son wani abu a duniya kamar shiga wurin nan ba. Ya zaci zai tarar da fada da dogarai, amma abin da ya gani a ƙofa mutum ɗaya ne zaune a kan dutse, da sandar kiwo da tufafin da suka sha rana. A tsakiyar tafin hannuwansa akwai tabon ƙusa. Shi ne Makiyayi.

Gayus ya ce, “Iya, ke ce babba, fara gabatarwa.” Ba ladabi ba ne, so yake ya ga yadda ake cinikin kafin layi ya zo kansa.

Iya Damaris ta matsa tana jan mai ƙazuwa, ta durƙusa. Makiyayi ya ce, “Ya ke Damaris, me kika kawo?”

Ta ce, “Ya Ubangijina Yesu, wannan da ke hannuna ba tawa ba ce. An musanya mini a hanya, na ji lokacin da ake kwance igiyar. Ban yi magana ba, don na ji hannun mai kwancewar yana rawa, tausayinsa ya kama ni. Amma ko tawa ce a hannuna, ba da ita zan shiga ba. Kai ka san ta, a ƙarƙashin farin gashin nan akwai miki, na yi shekara tara ina gaba da ƙanwata har ta mutu ba mu shirya ba. Ba ni da abin nunawa. Ka ji tausayina kawai.”

Makiyayi ya tashi ya shafa idanunta, suka buɗe. Ƙofa ta wangale da kanta. Ya ce, “Shiga, 'yata. Saki igiyar nan, mai ita yana kusa.” Ta saki, ta shige, ƙofa ta rufe. Mai ƙazuwa ta tsaya ita kaɗai a fili tana rawar sanyi.

Jikin Gayus ya yi sanyi, amma na ɗan lokaci ne. Kansa ya shiga aiki, ya ce a ransa, “Af, ashe nan ba ƙiba ake saye ba, kuka ake saye. To ai da sauƙi.” Ya waiga, Gyara-Fuska na nan a bayansa da wata 'yar kwalba.

“Hawaye ne, ya kai gwani, masu zafi, na wata gwauruwa. Ƙullinka ɗaya ne, ba zan karɓe duka ba, sassauta shi kawai zan yi.”

Gayus ya karɓa ya ɗiga a ido. Aljani ya ja ƙullin ya yi sako-sako, nan take rana ta zabura daga inda take ta sauka har ta taɓa bakin ƙasa, ta yi ja. Gayus ya faɗi gaban Makiyayi yana birgima, hawayen aro na kwarara, ya kwaikwayi muryar tsohuwa har da rawar da take yi. “Wayyo ni mai zunubi! Ba ni da abin nunawa! Wannan farar tunkiya da na sha wahalar kiwo ma ba komai ba ce, ka ji tausayina kawai!” Yana kuka yana satar kallon ƙofa ta tsakanin yatsu. Ƙofa ko gezau.

Makiyayi ya bar shi har ya gaji don kansa, sannan ya ce, “Ya kai Gayus, ka gama?”

Gayus ya tashi zaune yana share ido.

“Tambaya ɗaya zan yi maka. Wadda ke hannunka, taka ce?”

Bakin nan da bai taɓa mutuwa a kara ba, yau ya mutu. Gyara-Fuska na raɗa masa, “Ce taka ce! Ce gadonta ka yi! Ce tsohuwa ta rikice!” Ana cikin haka sai mai ƙazuwa ta yi tari sau ɗaya, ƙafafunta suka lanƙwashe, ta faɗi. A daidai lokacin Gayus ya ji abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari, numfashinsa ya sarƙe. Ya dube ta tana shure-shure a ƙasa, ba mai ko kallonta, ya ga shekara hamsin da takwas yana gyaran dabbobin mutane don ido, tasa kuwa bai taɓa ba ta ko ruwan kirki ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi.

Ya kwance igiyarsa daga wuyan fara. Ya rarrafa ya je ya rungumi mai ƙazuwa, majina da ƙazanta suka ɓata rigar Kirsimeti, ko a jikinsa. Ya kawo ta gaban Makiyayi ya ajiye, ya yi abin da bai taɓa yi wa mai saye ba, ya shiga faɗin aibinta da bakinsa.

“Wannan ce tawa. Tana da ƙazuwa, tana gudawa, ƙafar nan karyayya ce, ba targaɗe ba. Na cuci mutane a kara ba iyaka, na cuci marayu da gwauraye, na yi waƙa a majami'a don a ce na iya. Waccan farar ta Iya Damaris ce, sata na yi, bayan ta riƙe ni sau biyu a kan gada. Kukan da na yi yanzu ma na kwalba ne.” Ya ƙara da ƙaramar murya, “Ubangiji, ko wannan maganar da nake yi, ban sani ba ko tuba ce ko wata dabarar ce don in shiga. Na daɗe ina ƙarya har ban iya gane muryata ta gaskiya ba. Kai ka duba ka gani. In ka kore ni, ba ka zalunce ni ba.”

Bai kalli ƙofa ba wannan karon, kansa na ƙasa. Ƙullin ƙarshe na ta zamewa, saura ƙiris.

Makiyayi ya sa hannu ya dafe ƙullin, rana ta tsaya cak a inda take. Gyara-Fuska ya yi ƙara, ya juya zai gudu, iska ta shiga ramin bayansa ta yi sama da shi, ba a sake ganinsa ba.

Makiyayi ya ce, “Ya kai Gayus, tun da ka shigo ƙasar nan sai yanzu na ji muryarka. Ita nake jira.” Ya sunkuya ya ɗauki tunkiyar da ƙazantarta, ya saɓa ta a kafaɗa. Inda hannunsa ya taɓa, ƙazuwa ta bushe ta kakkaɓe.

Gayus ya ce, “Me zan bayar?”

Makiyayi ya buɗe masa tafin hannunsa, ya bar shi ya kalli tabon da kyau. “Ni na bayar, tun kafin a haife ka. Tashi. Amma farar nan ba za ta kwana a waje ba, kuma ba ni zan mayar wa mai ita ba. Kai za ka kai mata da hannunka.”

Ƙofa ta buɗe. Gayus ya ji wannan aiken ya fi masa gadar kuraye wuya, amma ya kama farar tunkiya a wuya, ya bi bayan Makiyayi. Suna shiga sai ga Iya Damaris tsaye a bakin hanya, ba ta ko ƙarasa cikin gari ba, tana ta baza sababbin idanunta a kan duk mai shigowa. Ya durƙusa a gabanta, hawaye na zuba, nasa na kansa.

Ya ce, “Iya, ga tunkiyarki. Ni ne na sace ta.”

Ta dube shi tun daga furfura har rigar da ta ɓaci, ta yi dariya, ta kama hannunsa ta tashe shi.

Ta ce, “Na sani, ɗana. Kai nake tsaye jira, na ƙi zama sai na ga fuskarka. Zo mu shiga, ka sha hanya.”